Yadda Ake Shigo da Kaya Daga Chana: Harufan da Ke Kan Takardu da Abin da Kowanne Zai Ci Maka

Mai masana'anta a Yiwu zai ce maka kular abinci ɗaya dala huɗu ce. Wani a Guangzhou ya ce tasa dala huɗu da rabi. Wanda bai saba ba sai ya ruga wurin na farko. Amma in ka duba ƙasan takardar farashin za ka ga na farko ya rubuta EXW, na biyu kuma ya rubuta CFR Apapa, kuma sau da yawa na biyun ne ya fi sauƙi. A harkar shigo da kaya farashi ba ya nufin komai sai an haɗa shi da harufa ukun da ke biye da shi.

Duk waɗannan gajerun kalmomi da ke cika takardun jirgin ruwa tambayoyi uku suke amsawa: wa zai biya wane kuɗi, a wane wuri asara ke barin wuyan mai sayarwa ta dawo naka, kuma wa ke da ikon karɓar kayan in sun sauka. Ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya, tun daga neman farashi har kaya su shigo Kwari ko Singa ko Sabon Gari.

Mataki na farko: ka san girman kayanka kafin ka tambayi kuɗin jirgi

Jirgin ruwa fili yake sayarwa, kuma ma'auninsa shi ne CBM, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Ka nemi mai kayan ya ba ka awon katan ɗaya. A ce tsawonsa santimita 60, faɗi 40, tsayi 50. Ka mayar da su mita ka ninka: 0.6 sau 0.4 sau 0.5, ya ba ka 0.12. Katan 230 ke nan sun tashi CBM 27.6.

Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kusan CBM 33 a takarda, amma abin da ke shiga da gaske bai cika wuce 28 ba, saboda katan ba ya cike kowane lungu. Mai ƙafa 40 tana da kusan 67, doguwarta da ake rubuta wa 40HC ko 40HQ kuma kusan 76. In kayanka masu nauyi ne kamar tayil ko ƙusa, ƙaramar za ka ɗauka, domin nauyi zai kai iyaka tun fili bai cika ba. In masu cin wuri ne marasa nauyi, kamar roba ko takalma, doguwar ta fi riba.

In ka cika kwantena kai kaɗai, sunan wannan FCL. In kayanka ba su kai ba aka haɗa su da na wasu, LCL ke nan, kuma a nan ana cajin ka ne da wanda ya fi yawa tsakanin fili da nauyi, inda ake ɗaukar CBM ɗaya daidai da kilo 1,000. Shi ne W/M da kake gani a gefen farashi. A ganina, da zarar kaya sun doshi CBM 15 ya kamata ka nemi farashin kwantena sukutum ka kwatanta, domin kuɗin buɗewa da rarrabawa da ake ɗora wa LCL a tashar sauka yakan cinye sauƙin da ka gani a farko.

Jirgin sama nasa lissafin daban. Ana ninka awon katan da santimita a raba da 6,000, kamfanonin aika saƙo na gaggawa kuma da yawansu da 5,000 suke rabawa. Katan ɗinmu na sama ya tashi 120,000, a raba da 6,000, kilo 20 ke nan. Ko da nauyinsa na gaske kilo 9 ne, kuɗin kilo 20 za ka biya. Ba cutarka aka yi ba, haka ƙa'idar take a ko'ina.

Akwai kuma hanyar da mafi yawan ƙananan 'yan kasuwarmu ke bi: a kai kaya sito na 'yan kago a Guangzhou, su ce ka biya kaza kan kowane kilo ko kowane CBM, ka karɓa a Kano. Tana da sauƙi, kuma ga mai katan goma ita ce daidai. Sai dai ka san matsayinka: duk takardun jirgi da na kwastam da sunansu suke, kai rasit kawai ke hannunka da alamar da aka rubuta a jikin katan. In an riƙe kwantenar saboda kayan wani, naka ma sun tsaya. Sauran bayanin nan na wanda zai shigo da kaya da sunan kamfaninsa ne.

Mataki na biyu: ku daidaita kan harufa ukun

Waɗannan sharuɗɗa ana kiransu Incoterms. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, mai hedikwata a Paris, ita ta fara fitar da su a 1936, kuma waɗanda ake aiki da su yanzu su ne na 2020. Guda 11 ne, amma biyar ko shida za ka riƙa cin karo da su.

EXW: mai kaya ya ajiye su a ƙofar masana'antarsa, ya gama nasa. Loda su a mota, kai su tashar Ningbo, sallamar kwastam ɗin Chana, duk a kanka. Ga wanda ke zaune a Kano ba shi da wakili a can, wannan ɗaukar wa kai Dala ba gammo ne, domin fitar da kaya daga Chana na bukatar kamfanin da ke da rajistar yin hakan a can.

FOB: mai kaya zai kai su tasha, ya sallami kwastam ɗin ƙasarsa, ya tabbatar sun hau jirgi. Daga lokacin da suka hau, kuɗin jirgi da duk wata asara naka ne. Dole a rubuta sunan tashar lodi, FOB Ningbo ko FOB Shenzhen, ba FOB Chana kawai ba. Amfaninsa shi ne kai za ka zaɓi kamfanin jirgi, ka san nawa ka biya, kuma ka yi cinikin kwanakin alfarma da za mu zo kansu. ICC ɗin kanta tana ba da shawarar a yi amfani da FCA ga kayan kwantena, saboda kwantena takan yi kwanaki a harabar tasha kafin ta hau jirgi, kuma a ƙarƙashin FCA alhaki na komawa kanka ne tun lokacin da aka miƙa ta ga mai ɗauka. Amma a kasuwa FOB ce ta zama jiki, kuma ita za a fi ba ka.

CFR: mai kaya ne zai biya kuɗin jirgi har Apapa ko Tin Can ko Onne ko Lekki. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Tunda shi ya biya jirgi har Legas, sai a ɗauka in kaya suka lalace a teku shi zai ɗauki asarar. Ba haka ba ne. A CFR, wurin da kuɗinsa ya ƙare daban, wurin da alhakinsa ya ƙare daban. Kuɗinsa ya kai Legas, amma alhakinsa ya ƙare tun a Ningbo, ranar da kwantena ta hau jirgi, daidai da FOB. In igiyar ruwa ta jefa ta cikin teku a gaɓar Afirka ta Kudu, kuɗin kayan na nan a kanka cif.

CIF ita ce CFR da aka ƙara wa inshora, sai dai inshorar da sharaɗin ya wajabta wa mai sayarwa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira ICC C (wannan ICC ɗin sunan sharuɗɗan inshorar kaya ne, ba ƙungiyar Paris ba). Tana rufe manyan haɗurra irin su gobara da nutsewar jirgi da karo, ba ta rufe sata ko jiƙewar da ruwan sama ya jawo. Ga mai shigo da kaya Nijeriya ma CIF ba ta da wani amfani, domin doka ta ce kamfanin inshora na cikin gida ne zai rufe kayan da ake shigowa da su. Saboda haka ka tsaya kan FOB ko CFR, ka sayi inshorarka a gida.

DAP na nufin ya kawo maka har wurin da aka ambata, kai ka biya kwastam. DDP kuma har kuɗin kwastam shi zai biya. DDP na da daɗin ji, amma ka tambayi kanka da sunan wa za a yi kiliya, wato fitar da kaya daga hannun kwastam, kuma wane farashi za a gaya wa kwastam. In an rage ƙima don a samu sauƙi, aka tare motar a hanyar Lokoja, kayanka ne za su kwana a can, ba mai masana'antar ba.

Wani abu game da CFR da ba a cika faɗa ba: mai sayarwa na iya samo jirgi mai arha ƙwarai a can, a dawo a fanshe a wurinka da sunan kuɗaɗen tashar sauka. Kafin ka amince, ka ce a rubuto maka duk abin da za a caje ka a Legas, har da THC, wato ladan sauke kwantena da juya ta a cikin tasha.

A takardar ciniki a rubuta shi cikakke: harufan, sunan tashar, sannan Incoterms 2020.

Mataki na uku: lambar kaya da takardun gida, tun kaya ba su tashi ba

Kowane irin kaya a duniya yana da lamba a kundin hukumar kwastam ta duniya da ke Brussels, ana ce mata HS. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, ƙasashen ECOWAS kuma sun ƙara huɗu suka zama goma a jadawalinsu na bai-ɗaya, CET, wanda ya fara aiki a 2015. Jadawalin na da hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan masarufi da aka gama ƙerawa yawanci a 20 suke, injuna da ɗanyen kayan masana'antu a ƙasa da haka, wasu kuma ana ƙara musu haraji na musamman a kai. Kada ka dogara da lambar da mai masana'anta ya rubuto, tasa ta Chana ce, kuma wani lokaci yakan zaɓi wadda ta fi yi masa amfani a can. Ka kai wa ejan ɗinka na kiliya hoton kayan da bayanin abin da aka yi su da shi, ya fitar da lambar, sannan ku duba ko suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su.

Daga nan ka karɓi takardar farashi ta wucin gadi, wadda ake kira PI ko proforma. Da ita za ka je bankinka ka buɗe Form M. Wannan ita ce uwar takardu a Nijeriya: sanarwa ce ga Babban Banki da kwastam cewa kamfani kaza zai shigo da kaya kaza na kuɗi kaza. Za a nemi rajistar kamfaninka ta CAC, lambar harajinka ta TIN, takardar inshora, da izinin hukumar da kayan suka shafa. Kayan lantarki, tayoyi, kayan wasan yara da makamantansu na bukatar shaidar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, SON. Abinci, magani, man shafawa da sinadarai na hannun NAFDAC. Ƙa'ida ita ce a buɗe Form M a amince da ita kafin a loda kaya, kuma lambarta ta fito a jikin takardun jirgi. Wanda ya bari sai jirgi ya taso sannan ya fara neman SONCAP, ya sayi jinkiri da kuɗinsa.

Wajen inshora ka nemi ICC A, wadda ta fi faɗi, a kan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya da na jirgi, kuma ka ce ta rufe daga sito zuwa sito, wato har Kano, ba bakin ruwa kawai ba. Da yawa suna sayen mafi arha don dai banki ya karɓi Form M. Kuskure ne, domin abin da kamfanin jirgi zai biya in ya ɓata maka kaya doka ta ƙayyade shi a kan kowane ƙunshi ko kowane kilo, kuma ba ya kusantar ainihin kuɗin kayan.

Mataki na huɗu: biyan kuɗi

T/T tura kuɗi ne ta banki kai tsaye. Abin da aka saba shi ne kashi 30 kafin a fara aiki, kashi 70 bayan an gama. Ka yi ƙoƙari cikon ya zama bayan an nuna maka kwafin takardar lodi, ko aƙalla bayan wani da ka amince da shi ya je ya duba kayan. L/C kuma alkawarin banki ne cewa zai biya mai kaya in ya gabatar da takardun da aka lissafa daidai. Ta fi tsaro ga babban ciniki, amma ka tuna banki takarda yake dubawa ba kaya ba. Sunan asusun da za ka tura wa kuɗi ya zama sunan kamfanin da ke kan PI. In saƙo ya zo cewa an canza asusu, ka kira su da murya kafin ka tura ko sisi.

Mataki na biyar: ranar lodi da takardar B/L

Ranar lodi ka sa a ɗauko maka hoton kwantena tana fanko, tana rabi, tana cike, da hoton lambarta da ta hatimin da aka kulle ta da shi. Lambar kwantena harufa huɗu ce da alƙaluma bakwai, da ita za ka riƙa bibiyar tafiyarta a shafin kamfanin jirgi. Tun 1 ga Yuli 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai an ba da tabbataccen nauyinta, shi ne VGM, kuma aikin mai turo kaya ne.

Bayan jirgi ya tashi sai a fitar da B/L, takardar lodi. Aiki uku take yi: rasit ce cewa jirgi ya karɓi kaya, shaidar yarjejeniyar ɗauka ce, kuma ita ce takardar mallaka. Kamar takardar fili take, wanda ta asali ke hannunsa da sunansa shi ke da kaya. Yawanci guda uku ake bugawa na asali, in an miƙa ɗaya sauran sun mutu.

Kafin a buga ta za a turo maka daftari. Ka zauna ka karanta shi harafi-harafi, domin gyara bayan jirgi ya miƙa wa kwastam jerin kayan da ya ɗauko yana cin kuɗi da makonni. Gurbin shipper na mai turowa ne. Gurbin consignee na mai karɓa ne, kuma dole sunan ya zo daidai da na Form M, ko da harafi ɗaya kada ya bambanta. In da L/C aka yi ciniki za ka ga an sa sunan banki da kalmar to order, ma'ana sai banki ya sa hannu ya sakar maka. Notify party shi ne wanda za a sanar in jirgi ya kusa, kuma nan ya kamata ka sa lambar waya da imel da ake dubawa kullum. Ka duba yawan katan, nauyi, lambar hatimi, bayanin kaya, da ko an rubuta freight prepaid, wato an biya jirgi a can, ko freight collect, wato a nan za a biya. In ka sayi CFR ka ga collect, akwai magana.

Sannan ka tambaya: wannan B/L ta kamfanin jirgi ce, wadda ake kira master, ko ta dillalin jigila ce, wadda ake kira house? In ta dillali ce, akwai wakilinsa a Legas da sai ya sake ka kafin kamfanin jirgi ya saurare ka, kuma shi ma da nasa cajin. In kuma dillalin bai biya kamfanin jirgi ba, kayanka ne za a riƙe.

Maimakon a aiko da takardun asali ta DHL, mai kaya na iya mayar da su ga ofishin jirgi a can, a aiko wa ofishin Legas saƙon a saki kaya. Wannan shi ne telex release. Yana da sauri kuma babu fargabar ɓatan takarda, amma ka tambayi bankinka da ejan tukuna ko tsarin cinikinka zai karɓe shi. A jirgin sama takardar AWB ce, ita kuma ba takardar mallaka ba ce, wanda sunansa ke kai shi ake ba kaya.

Tare da B/L za a haɗo maka takardar farashi ta ƙarshe, da jerin abin da ke cikin kowane katan, da shaidar ƙasar da aka ƙera kayan. Alƙaluman da ke cikinsu duka su yi magana da murya ɗaya.

Mataki na shida: makonnin da jirgi ke kan ruwa

ETD ranar da ake sa ran tashi ce, ETA ranar da ake sa ran isowa. Duka hasashe ne. Daga tashoshin Chana zuwa Legas a ƙiyasta mako biyar zuwa bakwai, ya fi haka in za a sauke kwantenar a wata tasha kamar Singafo ko Lome a canza mata jirgi. Mai son kayan Sallah ya lissafa da wannan, ya kuma lissafa da hutun sabuwar shekarar Chana da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni, da hutun makon farko na Oktoba.

Waɗannan makonni ba na zama ba ne. Da zarar takardun ƙarshe sun iso, ka kai wa banki su tura wa kwastam a fitar maka da PAAR, rahoton da ke nuna lambar HS da ƙimar da kwastam ta amince da su. Tun ƙarshen 2013 hukumar ke fitar da shi da kanta. Burinka shi ne PAAR ta riga jirgi isowa.

Akwai wata tsohuwar dokar teku da ya kamata ka sani ko da ba za ka taɓa haɗuwa da ita ba, ana ce mata general average. In jirgi ya shiga haɗari aka yi asara ko aka kashe kuɗi don a ceci kowa, duk masu kaya a cikinsa za su yi karo-karo gwargwadon ƙimar kayansu, har da wanda nasa ko ƙwarzane bai yi ba. Haka aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez a watan Maris na 2021. Mai inshora kamfaninsa ne zai tsaya masa, marar inshora kuwa sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a ba shi kwantenarsa.

Mataki na bakwai: agogo uku da kuɗin kwastam

Ranar da aka sauke kwantena agogo ya fara bugawa, kuma ba ɗaya ba ne. Kamfanin jirgi na ba ka wasu kwanaki kyauta, su ne kwanakin alfarma. In suka ƙare kwantena na cikin tasha, sai dimorej ya fara hawa kullum. In ka fitar da ita ka riƙe ta a waje fiye da ƙa'ida ba ka mayar da fankon ba, wannan ditenshan ne. Na uku kuɗin ajiya ne, wanda masu kula da tashar ke karɓa saboda filin da ta tare, kuma ba ruwansa da na kamfanin jirgi. Dukansu hawa-hawa suke, kuɗin mako na uku ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ga ɗan Arewa wannan ya fi ciwo, domin mota za ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, a sauke, ta koma da fanko. Saboda haka tun ranar da ake cinikin jirgi ka nemi kwana 14 ko 21 na alfarma, a rubuta a jikin B/L ko takardar bukin, wato ta kama wuri a jirgi. Bayan jirgi ya iso ba a wannan ciniki.

Kwastam kan lissafa haraji ne a kan CIF, wato kuɗin kaya da na jirgi da na inshora a haɗe, ko da FOB ka saya. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don sauƙin lissafi: kaya dala 20,000, jirgi 3,900, inshora 100, jimla 24,000. In kayan na hawan kashi 20 ne, haraji ya zama 4,800. Harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya ya zama 120. VAT na kashi 7.5 kuma ba a kan 24,000 ake ɗora shi ba, a kan jimlar CIF da haraji da sauran caje-cajen ne, don haka ba zai gaza 2,160 ba. Ka ga an haura dala 7,000 tun ba a zo kan kuɗin tasha, kamfanin jirgi, ejan da mota ba. Akwai wasu ƙananan caje-caje da gwamnati ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, kuma canjin dala da ake amfani da shi na kwastam ne, ba na kasuwar Wapa ba. Ka sa ejan ya buga maka takardar kimantawa ta hukuma, ka biya a banki da kanka ko ka ga rasit ɗin bankin da idonka.

Ejan ya zama mai lasisin kwastam. Shi zai shigar da sanarwar kaya, SGD, na'ura ta tura kwantenar layin da za ta bi: kore a wuce, ja a buɗe a duba da hannu, wasu a duba takardu ko a sa su a na'urar haskawa. In jami'ai suka ga ƙimar da aka faɗa ta yi ƙasa ko lambar HS ba daidai ba ce, sai su yanko DN, takardar neman cikon haraji. Ejan da ya ce zai yi maka kiliya a kan kuɗin da bai kai harajin da ka lissafa da hannunka ba, daga wani wuri zai rage, kuma sunan kamfaninka ne a kan takardar.

Bayan kwastam ta saki, ka biya kamfanin jirgi caje-cajensa da kuɗin ajiyar kwantena da ake mayarwa in ka dawo da ita lafiya (daban yake da kuɗin ajiya na tasha), su ba ka DO, izinin sakin kaya. Ka biya tasha, su ba ka TDO, izinin fita da ita. Motar da za ta shiga Apapa ko Tin Can kuma sai ta sami kira ta manhajar Eto, wadda hukumar tashoshin ruwa ta NPA ta fara aiki da ita a 2021.

Mataki na takwas: daga bakin ruwa zuwa gida

Ba dole ne a yi kiliya a Legas ba. Akwai tashar tsandauri ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a Janairun 2023. In kana son a duba kayanka a can, tun a Form M da B/L za a rubuta ita ce wurin saukar ƙarshe, kwantena ta taho a kulle ƙarƙashin kulawar kwastam. Ka tambayi kamfanin jirgin tun farko ko yana bayar da B/L har can, da kuma inda zai karɓi fankonsa.

'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram nasu tsarin na ratse ne, wato kaya su sauka a tashar wata ƙasa su wuce a kulle ba a biya harajin ƙasar ba, sai an iso gida. Kwatano ce babbar ƙofarsu shekara da shekaru, amma tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kaya da yawa sun koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai tsawo da ke sa batun kwanakin alfarma ya fi tsanani. Dole B/L ta nuna cewa kayan na ratse ne zuwa Nijar, in ba haka ba za a ɗauke su a matsayin na ƙasar da suka sauka.

Direba ya riƙe kwafin SGD, rasit ɗin biyan haraji da takardar fita, domin za a tambaye su a hanya. In mota ta iso, kafin a fasa hatimi ka gwada lambarsa da ta B/L, ko da sabon hatimin da aka sa bayan duban kwastam. Ka ƙirga katan ana saukewa. In ka ga jiƙa ko ɓarna ko gibi, ka ɗauki hoto nan take, ka rubuta a takardar direba kafin ka sa hannu, ka sanar da kamfanin inshora da na jirgi a rubuce a ranar, domin wa'adin kai ƙorafi kwanaki ne ƙalilan.

Sannan ka sallami motar da wuri ta mayar da fanko inda kamfanin jirgi ya ce. A wurin karɓa za a ba direba EIR, takardar da ke nuna ranar da aka mayar da kwantena da halin da take ciki. Ita ce ke tsayar da agogon ditenshan, kuma da ita za ka nemi a dawo maka da kuɗin ajiyarka, don haka ka ce ya turo maka hotonta tun yana bakin ƙofar, ka haɗa ta da rasit ɗin ajiyar ka miƙa wa kamfanin jirgi a makon.